Canjin bututun bindiga: in yi da kaina ko in kai wa maƙeri?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da bindigar farauta Remington 700 mai cin harsashin .243, da lasisina da komai. A da in na harba biyar daga mita 100, tafin hannu yana rufe su har da saura. Yanzu kuwa kowane harsashi da inda yake nufa. Na haska cikinta, na ga layukan da ke kusa da ɗakin harsashi sun fara shafewa. Abokina ya canza bututun tasa da kansa a yamma ɗaya, shi ke ta zuga ni. Maƙerin da na sani kuma, gyaran kunama kawai sai da bindigar ta yi wata uku a hannunsa. In sayi kayan aiki in gwada, ko in haƙura in koma masa?

Tsohon maharbi: Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka yi saurin yanke wa bututun hukunci. Ka fara taɓa sukurorin da ke riƙe ƙota da na madubin saiti, ka wanke tagullar da harsashi ke bari a ciki, ka kuma duba bakin bututun ko ya bugu. Na taɓa shirin jefar da lafiyayyen bututu, ashe sukuru ɗaya ne ya kwance. Sannan, wace iri ce bindigar abokin naka?

Mai tambaya: Na gode Baba. Savage 110 ce.

Tsohon maharbi: To, ka ji inda gizo ke saƙar. Savage 110 tun fitowarta a 1958 da noti take zuwa. Ka sassauta notin, ka murɗa sabon bututu har ya zauna a kan geji, wato ƙarfen awo mai siffar kwanson harsashi da ake sa wa a ɗakin harsashi, ka ɗaure. Taka kuwa, wadda ta fito a 1962, ba ta da notin nan. Bututunta kafaɗa gare shi da ke cije jikin bindigar, saboda haka a kan injin sassaƙar ƙarfe ake daidaita zurfinsa. Shi abokinka ɗauri ya yi, kai aikin yanka ne a gabanka.

Mai harbin gasa: Yaya, bari in ƙara a kan maganar Baba, don mutane suna raina gejin nan. Abin da ake aunawa shi ne ratar da ke tsakanin fuskar sakata, wato ƙarfen da ke kulle harsashi a ɗakinsa ta baya, da inda kafaɗar kwanso ke tsayawa. Gejin .243 da na .308 ɗaya ne, tunda daga kwanson .308 aka fitar da na .243. Wanda aka rubuta wa GO tsawonsa inci 1.630, mai NO-GO kuma 1.634. Dole sakata ta rufe a kan na farko, ta ƙi rufewa a kan na biyu. Tsakaninsu bai wuce kaurin takarda ɗaya ba, wajen milimita 0.1. In ratar ta yi kaɗan, harsashi ba zai zauna ba, ko ya shiga da ƙyar. In ta yi yawa, kwanso ya miƙe ya tsinke ta gindi, ga matsin da ke kai wa fam 60,000 a kan kowane inci murabba'i, ga idonka a bayan sakatar. Ni ko maƙeri ne ya yi min aiki, sai ya sa gejin a gabana nake karɓa.

Mai gyara da kansa: Kun cika tsorata shi. Ana sayar da bututun da aka riga aka yanka, mai zuwa da noti irin na Savage, wanda ke hawa Remington 700. Da shi na yi tawa, kuma tana harbi lafiya lau. Sai dai gaskiya ɗaya, Malam: wahalar ba a sa sabon take ba, a cire tsohon take. Na masana'anta a ɗaure yake tamau. Sai da na rataya a kan sifana da duk nauyina kafin ya yi ƙara ya saki. In ba ka da abin matse bututu da sifanar da aka yi don jikin wannan bindigar, za ka murɗe jikin, shi ke nan ka yi asarar uwar kuɗi. Akwai kuma farantin da ke tare bugun baya, wanda ke tsakanin bututu da jiki, in ya karkace bindiga ba za ta koma ƙotarta ba. Ni na sayi kayan ne don ina cinye bututu akai-akai. Mai farautar da zai yi canjin sau ɗaya a shekara goma, ban ga ribarsa ba.

Wata 'yar uwa: Ba wanda ya taɓo doka. A Amurka jikin da ke ɗauke da lamba shi ne bindiga a idon hukuma, bututu kayan gyara ne kawai, amma in ya gaza inci 16 ya faɗa ƙarƙashin dokar 1934 mai buƙatar rajista ta musamman. A Birtaniya kuwa bututun kansa sai da izini, kuma ba a sayar da bindigar da aka sake wa bututu sai gidan gwaji na Landan ko na Birmingham ya buga mata hatimi. Ka karanta sharaɗin lasisinka kafin ka yi odar komai, balle in kana tunanin canza girman harsashi.

Mai tambaya: Allah Ya saka da alheri. Na ɗaure sukurori, na wanke ta har ƙyalle ya daina fitowa shuɗi, na sake gwadawa jiya. Ta ɗan gyaru, amma biyu cikin biyar suna ficewa gefe. Zan sayi bututun da gejin biyu, in kai wa maƙeri ya cire tsohon ya ɗaura sabon ina tsaye. Wannan karon sai mun rubuta ranar karɓa a takarda.

Tsohon maharbi: Ka karɓo tsohon bututun kuma. Ka sa ya tsaga maka shi ta tsawo, ka ga yadda wuta ta ci maƙogwaronsa, wato wajen da ke gaban ɗakin harsashi.