Musayar waƙa kan Agata Kiristi, marubuciyar labaran binciken kisa

Bilkin Gwale:
Ku ba ni fili in yabi Agata,
Ta Ingila, mai sa makaranci tunani.
A yaƙin duniya na farko ta yi aikin asibiti,
Tana awo, tana haɗa magani.
Can ta san guba da ƙarfin kowace,
Ta sa a littafi, kisa ba zubar jini.
A 1920 ta fito da Puwaro,
Mai bincike ɗan Beljiyam, mai gashin baki, gwani.

Ɗan Kurmi:
Bilki sassauta, yabon ya yi yawa,
Kafin Puwaro akwai mai bincike Homs tun tuni.
A 1887 marubuci Doyil ya fito da shi,
Sai 1890 taki ta ga zamani.

Bilkin Gwale:
Doyil ɗin naka? Tuna 1926,
Agata ta ɓace kwana 11, ka sani.
Uwa ta rasu, miji ya nemi rabuwa,
Aka tsinci mota, mai ita ba gani.
Mai koya wa duniya bin sawu,
Safar hannunta Doyil ya kai wa mai kiran rauhani!
Can a otal ɗin Harroget aka gano ta,
Ina basirar da kake faɗa mini?

Indo Maraɗi:
Kai! Bilki ta gama da shi. Ɗan Kurmi ka fito mana.

Malam Na-Zazzau:
Ku dakata. Wa yake iya rera "1926" a cikin kari? Gaɓoɓi sun yi yawa, ƙafar ta karye. Amsa-amo kaɗai ba ya yin waƙa.

Indo Maraɗi:
Allah gafarta Malam, Ɗan Kurmi ma ya cusa shekaru biyu, ba ka tanka ba. Don ɗalibinka ne?

Malam Na-Zazzau:
Waƙa ma'auni gare ta, 'yata,
Wanda ya tauye, ni zan faɗi rauni.

Ɗan Kurmi:
Afuwan, cajin wayata ya ƙare.
Mai warware sirrin kowa a takarda,
Nata ɓatan har ta rasu ba bayani.

Bilkin Gwale:
Ciwon zuciyarta ba naka ba ne,
Ta tashi, ta sake aure, ta bar ƙunci da rauni.
Ta bi mijinta Malowan haƙar tarihi a Iraƙi,
Tana wanke kayan da, tana rubutu da rani.
Littafin bincike 66 ta bari a 1976,
Ƙirga na Doyil, ka kawo mini.

Malam Na-Zazzau:
Baiti na biyu ya fi ɗan'uwansa tsawo, kuma "rauni" nawa ne kika ara. Sake shi, Bilki.