Wai don Allah ta yaya ake ƙirga shirwa tana sama?

Dalibin_Batumi:
Salamu alaikum jama'a. Ni ɗalibi ne a nan Batumi ƙasar Jojiya. Ranar Asabar wani abokin karatuna ya ja ni muka hau wani tudu a ƙauyen Sakhalvasho wai mu je kallon tsuntsaye, ni dai na bi shi ne don in ɗan huta da littafi. Wallahi abin da na tarar ya ɗaure min kai. Turawa ne maza da mata sun fi goma, kowa da madubin hangen nesa a wuya, a hannu kuma ɗan ƙarfe mai madanni sak irin kauntar tasbihin nan da iyayenmu mata ke sawa a yatsa, ba ka jin komai sai ƙas ƙas ƙas, can sai wani ya kira sunan tsuntsu da lamba wata ta shigar. Da na ɗaga kai na ɗauka hayaƙi ne, ashe shaho da shirwa ne ɗaruruwa suna juyi wuri guda kamar guguwa ta kwashi ledoji. To me ya tara su a nan, kuma anya lissafin nan ba shaci-faɗi ba ne?

Malam_Maitsuntsu:
Wa alaikumus salam. Ƙanena kai kam ka dace, wasu kuɗin jirgi suke biya su zo ganin abin da ka gani a ɓagas. Tun 2008 ake wannan ƙidayar a Batumi, daga tsakiyar Agusta zuwa Oktoba, kuma duk kaka sama da miliyan 1 ke wucewa, akwai ranakun da aka ƙirga fiye da 100,000 a yini ɗaya. Dalilin taruwarsu kuwa, manyan tsuntsayen nan ba sa son wahalar kaɗa fiffike, jira suke rana ta gasa ƙasa iska mai zafi ta tashi sai su hau ta suna zagaye har su yi sama sosai sannan su miƙe fiffike su zamo gaba zuwa wata, to juyin da ka gani kenan. Teku ba ya ba da irin wannan iskar. Sun taso daga Rasha da gabashin Turai za su kudu, ga tekun Bahar Aswad a dama ga duwatsu a hagu, dole kowa ya matsu ya bi ta ɗan tsukin nan. Haka yake a mashigar Jibraltar da Bosforas ta Istanbul, a Berakurus ta Meziko ma har sun fi miliyan 4.

Batun ƙirga kuma, ba a taɓa su suna cikin juyi, banza ne, za ka ƙirga guda sau uku. Sai sun kai sama sun fara zubowa a jere sannan ake dannawa, in sun yi yawa ka ƙirga goma ka riƙe girmansu a ido ka dinga danna ɗaya a madadin goma. Akwai wata tashar ƙirgar ta biyu a Shuamta, ita da ta Sakhalvasho suna magana da juna ta oba-oba don kar a ƙirga garke ɗaya sau biyu.

Baban_Khairat:
Hhhh Bature kenan, ciki ya cika. Mu nan abin da ya haɗa mu da shirwa ƴan tsaki ne, bara guda bakwai ta kwashe wa maiɗakina, in sun gama ƙirgawa don Allah su riƙe abinsu can 😂

Maman_Sadiq:
Baban Khairat ai ba duka ne ɓarayin tsaki ba. Da yawa daga waɗanda ke tsallako Sahara da kaka fara suka zo ci, akwai wani siririn shaho mai launin toka da ke shawagi ƙasa-ƙasa a kan gona bayan an yi girbi, a Turai yake ƙwai amma rani a yankinmu yake yi daga Senegal har Nijar da Chadi kuma babe da fara ne abincinsa. Ni ban ma san baƙo ba ne sai da na girma, shamuwa kaɗai muka sani da tafiya da dawowa. Ƙidayar ita ke nuna in wani iri ya fara raguwa, tunda wuri ɗaya ake tsayawa lokaci ɗaya duk shekara.

Dalibin_Batumi:
Na gode Malam, na gode Hajiya. Amma abu ɗaya ya dame ni, muna tsaye muna ta jin ƙarar bindiga daga tudun da ke kallonmu, sai na ga matar nan ita ma tana rubutawa.

Malam_Maitsuntsu:
Eh maharba ne, doka ta hana amma ana yi, shi ya sa harbin ma lissafa shi suke. In za ka koma ka bari sai an kwana biyu ana ruwa sannan gari ya washe, ranar ne waɗanda suka maƙale suke ɓarkowa gaba ɗaya. Ka tafi da hula da ruwan sha, wuya kam sai ya yi maka ciwo.