Muhawara: ma'aunin maki ɗaya ga duk makarantun gwamnati zai kawo gyara?

Baban Ummi: Assalamu alaikum. Ra'ayina shi ne ma'aikatar ilimi ta kowace jiha ta tilasta wa makarantunta rabon maki iri ɗaya. Ku duba lissafin nan: yaro ya samu kusan kashi 93 cikin 100 a CA (makin gwaje-gwaje da aikin gida na cikin zango), ya samu kashi 30 a jarrabawar ƙarshen zango. Inda ake raba 30 ga CA da 70 ga jarrabawa, zai tashi da 28 da 21, jimla 49. Inda ake raba 40 da 60, zai tashi da 37 da 18, jimla 55. A ma'aunin WAEC, na farko D7 ne, na biyu C5. Yaro ɗaya, ƙoƙari ɗaya, amma nan kiredit, can babu.

Malamin Lissafi: Wa alaikumus salam. Lissafinka daidai ne, Malam, amma ka kama reshe ka bar tushe. Ko kowa ya koma 30 da 70, wa ya tsara tambayoyin? Wani malami ya ɗauko abin da ya rubuta a allo jiya, wani ya ɗauko daga tsofaffin takardun NECO. Duk 60 za ka gani a katin sakamako, amma ba su yi kama ba.

Maman Khalifa: To a yi takarda ɗaya mana, kamar yadda ake yi a BECE, jarrabawar kammala aji uku na ƙaramar sakandare.

Malamin Lissafi: Hajiya, wannan sau ɗaya ake yi a shekara. Ki mayar da shi sau uku, kowane aji, kowane darasi. Sai an buga, an ɗaure, an kai shiyya-shiyya, kuma ambulan ɗaya da aka buɗe da daddare ya isa tambayoyin su zaga jihar ta waya kafin asuba. Ga makarantar ƙauye da ta yi zango guda babu malamin Fiziks. Ɗalibanta za su faɗi, alhali ba laifinsu ba ne.

Maman Khalifa: Ai gara su faɗi a gani a turo malami, da a rufe ɓarnar da makin jabu.

Tsohon Mai Duba Makarantu: Ku yi haƙuri in shigo. Inda ruwan yake yoyo shi ne CA ɗin kanta. An saba raba 30 ɗin zuwa gwaji na farko 10, na biyu 10, aikin gida 10. Malami mai aji biyar, kowanne da yara 90, takardu 450 ke gabansa a gwaji ɗaya. Abin da kan faru, gwaji ɗaya ake yi, sauran gurabe a cike da ka. Kuma ba a bambanta wanda bai zo ba da wanda ya ci sifili. Wani malami ya bar gurbin, wani ya rubuta 0, wani ya ba shi rabin maki don tausayi.

Abin da ya sa makin WAEC yake da daraja ba jadawalin A1 zuwa F9 ba ne. Kafin a fara duba takardu, ana tara masu dubawa a ba su jagoran amsa ɗaya, kowa ya gwada a kan kwafin takarda ɗaya har hannu ya zo daidai, sannan shugaban rukuni ya riƙa zaro wasu yana sake dubawa. Jiha za ta iya kwaikwayon wannan da araha: makarantu huɗu ko biyar na kusa su haɗu, su tsara jagoran amsa, su yi musayar takarda ɗaya cikin kowace goma. In tazara tsakanin makin masu dubawa biyu ta wuce maki 5, a sake duba na ajin gaba ɗaya.

Baban Ummi: Ranka ya daɗe, na karɓi wannan, amma ban janye ba. Musayar takarda ba ta yiwuwa in wannan na kan 70 wancan na kan 60. A Nijar kowa ya san maki a kan 20 yake, 10 ce tsakiya, daga Maraɗi har Damagaram.

Malamin Lissafi: Can ma malami ne ke riƙe da jan biro, Malam. Kuma wa zai biya kuɗin motar kai takardun?