Tambaya game da Kyaftin Chari Maigumeri

Jikan Mazan Jiya, Kawo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kakana, Allah ya jiƙansa, yana cikin waɗanda aka kai yaƙin ƙasar Bama (Burma) a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma duk sa'ad da ya zauna ba mu labari sai ya ambaci Chari Maigumeri da girmamawa irin wadda ban taɓa jin ya yi wa wani Bature ba. Shin gaskiya ne cewa Jamusawa da Ingilishi duka sun ba mutumin nan lambar jaruntaka? Kuma hafsa ne ko samanja, domin na ji ana kiransa da duka biyun?

Malamin Tarihi, Tudun Wada:
Wa'alaikumus salam. Gaskiya ne, Malam. Mutumin Borno ne, ya fara aikin soja yana matashi a rundunar Jamus ta Kamaru, inda ya samu lambar yabonsu a Yaƙin Duniya na Ɗaya kafin Ingilishi su kama shi a Garwa a 1915. A 1917 ya shiga rundunar Najeriya, aka tura shi Gabashin Afirka ya yaƙi Jamusawan da ya yi wa aiki a da. Ya yi ta hawa har ya zama babban samanjan bataliya ta 3, muƙamin da yake riƙe da shi lokacin da sojojinmu suka fatattaki Italiyawa daga Mogadishu zuwa cikin Habasha a 1941, kuma a wannan yaƙin ne aka ba shi lambar jaruntaka ta Ingilishi mai suna Military Medal (MM). Daga nan sai Bama, inda aka gwabza da Japanawa a cikin daji da ruwan sama, sau da yawa ba hanyar mota, sai kaya a ka.

Tsohon Soja, Kakuri:
Malam ya faɗi daidai, amma bari in ƙara a kan maganar muƙami, domin nan ne abin yake yi mini ciwo. A wancan zamanin, a rundunar Najeriya babu baƙar fata da ake ba igiyar hafsa komai jaruntakarsa, ba a fara ba sai bayan an gama yaƙin Hitila. Saboda haka mutumin da ya san kowane kurtu da sunansa, wanda matasan hafsoshin Turawa ke dogara da shi wajen magana da sojoji da Hausa, shi ne kuma yake sara musu. Sai da ya zo yin ritaya a 1953, bayan shekara 36 a rundunar, aka ba shi Kyaftin na girmamawa, a shekarar da Zakariya Maimalari, ɗaya daga cikin hafsoshinmu na farko, ya fito hafsa daga Sandhurst, makarantar horar da hafsoshi ta Ingila. Wanda bai yi soja ba ba zai gane nauyin samanja ba. Shi ne ke tsayar da sahu idan wuta ta yi zafi.

Jikan Mazan Jiya, Kawo:
Na gode, Baba, Allah ya ƙara girma. Akwai wani abin tunawa da shi a ƙasar nan?

Malamin Tarihi, Tudun Wada:
Akwai barikin soja mai sunansa a Lokoja. Mu kuma a nan Kaduna, barikin Dalet da ke kusa da kai da barikin Kalapanzin duka sunayen wurare ne a Bama inda su kakanka suka yi yaƙi.