Rumfar zama a tsakar gida: nawa ta ci muku?

Maman Biyu, Kano

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah waɗanda suka taɓa yin rumfa a gida, ku ba ni labarin abin da kuka kashe. Ba ta ajiye mota nake nufi ba, ta zama ce a tsakar gida, tsakanin ƙofar falo da kicin, inda yara za su riƙa karatu da yamma mu kuma mu sha iska lokacin zafi. Wurin mita 4 ne da mita 5. Irin wadda nake gani a Instagram nake so, mai sanduna jere a sama da rata a tsakaninsu, a dasa fulawa ta hau. Wani mai walda ya ce miliyan 1 da dubu 300, wani ya ce dubu 800, kafinta kuma ya ce da dubu 600 zai yi ta da katako. Maigida ya ce wannan tazarar ta yi yawa, akwai lauje cikin naɗi. Wanne ne kuɗin gaskiya?

Ɗan Fagge

Wa alaikumus salam Maman Biyu. Ni na yi tawa a 2022, girmanta kusan ɗaya da taki, ƙarfe da rufin kwano. Da kaina na shiga Ƙofar Ruwa na sayo fayif da kwano da fenti, na biya mai walda kuɗin aikinsa kawai. Duka ta tsaya min wajen dubu 380. Amma kada ki ɗauki wannan lissafin ki kai wa maigida, don lissafin ya mutu. Lokacin buhun siminti bai kai dubu 5 ba. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 da faɗuwar naira, kin ga inda ya kai a farkon 2024, ya haura dubu 10, ƙarfe kuma ya bi shi a guje.

Abin da zan ce ki tambaye su shi ne daɓe. Duk wanda ya ba ki farashin rumfa, sama yake nufi. Ni sai da aka gama aka kwashe kayan aiki na ga ƙasan duk rami ne da ɓaraguzan siminti, ga ruwan kwano yana zuba wuri ɗaya yana haƙa. Daɓe da 'yar kwata da ta kai ruwan waje sun ci fiye da dubu 100 daban.

Hajiyar Unguwar Rimi, Kaduna

Ƙanwata, irin wadda kike so ce a gidana, kuma ina son abata. Sai dai ki san me za ki saya. Da hantsi da bayan la'asar tana da daɗi, inuwar tana sauka layi-layi, baƙi suna ta ɗaukar hoto. Amma daga Maris zuwa Mayu, da rana tsaka, ba mai iya zama a ƙarƙashinta. Masu irin wannan rumfar a ƙasashen sanyi neman ranar suke yi, mu kuwa gudunta muke. Ku a Kano ma naku zafin ya fi namu, ana haura digiri 40. Da damina kuma ruwa ratsawa yake, duk wata kujera mai katifa sai an kwashe.

Abin da nake yi, zafi na kamawa sai in sa a sayo zana a shimfiɗa a sama a ɗaure da waya, ruwa ya sauka sosai a cire. Kuɗin zanar bai taka kara ya karya ba, kuma inuwarta ta fi ta kwano sanyi nesa ba kusa ba. Mu mun kashe wajen dubu 950 a ƙarshen 2024, da fentin da ya sa ƙarfen ya yi kama da katako.

Mai Walda, Panteka

Hajiya Maman Biyu, sana'ata ce, bari in faɗa miki inda dubu 500 ɗin nan ta ɓuya. Ba lallai mai miliyan 1.3 ɓarawo ne ba, ba kuma lallai mai dubu 800 mutumin kirki ba ne.

Na farko kaurin ƙarfe. Fayif mai inci uku-da-uku akwai mai kaurin milimita 1.2, akwai 1.5, akwai 2. In an shafa fenti duk kamarsu ɗaya a ido, amma kuɗinsu ba ɗaya ba, nauyinsu ma haka. Marar kauri ko walda ba ya riƙewa da kyau, wuta na taɓa shi sai ya huje. Na biyu tsayi. Fayif guda kusan ƙafa 18 ne. Mai son ya rage kuɗi sai ya raba shi biyu ya fitar da ginshiƙi biyu masu ƙafa tara-tara, ya binne ƙafa ɗaya a ƙasa, rumfa ta tsaya a ƙafa 8. Ga ta gajera zafi na dukan kai, ga gindi ba ƙarfi. Ni ginshiƙi ƙafa 12 nake yanka, biyu a cikin kankare, goma a sama, ragowar in yi tokare da shi. Kin ga inda wancan ya sayi fayif uku ni na sayi shida.

Sai jan fentin hana tsatsa da ake fara shafawa kafin fenti mai launi. Da yawa tsallake shi suke yi. Sai man janareta, don injin walda ba ya jiran a kawo wuta. Sannan wadda kike so mai sanduna a jere ta fi mai kwano cin ƙarfe, mutane ba su san haka ba. Suna ganin ba rufi ai za ta yi sauƙi. A mita 5, in za a jera sanduna da ratar tafin hannu, lissafa ki ga guda nawa za su shiga.

Ki ce kowannensu ya rubuta miki a takarda: fayif nawa, wane kauri, zurfin rami nawa, siminti buhu nawa. Ranar da aka kawo kaya kuma maigida ya tsaya a ƙirga a gabansa.

Ɗan Fagge

Malam Mai Walda ka faɗi gaskiya, amma ka bar ɗaya. Ku ma in aka bar muku sayen kaya, ragowar ƙarfen ba ya dawowa.

Mai Walda, Panteka

Alhaji, guntayen ai ladan almajiran shago ne. In kana so a bar maka, faɗa tun farko.

Baban Khalifa, Bauchi

Ni ta katako na yi, kuma shekara ta shida ke nan tana tsaye, don haka kada a tsorata ki da gara kawai a wuce. Gara gaskiya ce, amma ta san wanda take ci. Dubu 600 ɗin da kafinta ya faɗa, tambaye shi wane itace. In farin katako ne mara nauyi irin obece da ake yin silin da shi, kin yi wa gara walima, rana kuma za ta murɗe shi kafin shekara. Madaci ko loko su ne na waje, kuma kuɗinsu zai kai ki kusa da na ƙarfe, wani lokacin ya wuce. Ki sa a je 'Yan Katako a Na'ibawa a ji farashi da baki. A kuma duba busasshe ne, don ɗanye yana tsagewa bayan an buga ƙusa.

Dabarar da tsohon kafintana ya yi min ita ce bai bar katako ya taɓa ƙasa ba. An zuba kankare ya ɗago kamar taƙi ɗaya, aka dasa ƙarfe a ciki, aka ɗaura ginshiƙin a kai da noti. An shafe shi da maganin gara na Solignum kafin a haɗa. Wasu baƙin mai suke shafawa don ya fi araha, yana aiki, amma a wurin zama ne, zai ɓata wa yara kaya ga wari in rana ta buga. Duk shekara biyu ina sake shafa masa mai bayan hunturu ya wuce. Wannan kuɗi ne da ba ya ƙarewa, a sa shi a lissafi.

Da ana samun azara mai kyau kamar da, ita zan ce. Gidan kakanmu azarar giginya ce a soro, ta girmi mahaifina, gara ba ta yi mata komai ba. Yanzu kyakkyawar ta yi wuya, kuma matan zamani sun ce ba ta da kyan gani.

Bamaraɗe

Kanawa ku dai da son kashe kuɗi! Miliyan guda don inuwa? Mu nan Maraɗi rumfar ƙofar gidanmu itace shida ne masu gwafa, da sanduna, da zana. Ban kashe jikka 40 na kuɗin sefa ba har da ladan yaran da suka haƙa ramu. Zanar nake canjawa in ta ruɓe, shekara ɗaya ko biyu. Nan muke shan shayi, nan aka ɗaura auren ɗiyata. Da gwamnatin Nijar ta rage kuɗin siminti a ƙarshen 2024 bayan ambaliya, sai na yi mata daɓe, shi ke nan. Abu ɗaya dai, a nisanta ta da murhu, don zana da wuta ba su shiri.

Maman Biyu, Kano

Baba na Maraɗi, Allah ya ƙara girma, ai ko ni a rumfar kara na tashi a gidanmu. Matsalar gidan sabo ne, an yi tayil an yi fenti, maigida ba zai yarda a kafa gwafa a tsakiya ba. Hajiya ta Kaduna, fulawar fa? Ba ta rufe saman ta ba da inuwa?

Hajiyar Unguwar Rimi, Kaduna

Tana rufewa, amma sai kin yi haƙuri da ita shekara biyu zuwa uku. Mai ƙayar nan mai jan fure na dasa. Kullum sai an share, kuma ƙayarta ta sha fasa wa jikokina ƙwallo.

Bazazzagi

Maimakon fulawar da ba a ci, ki dasa inabi. Mutane suna ɗauka sai a ƙasar waje yake yi, alhali a Ƙaramar Hukumar Kudan, wajen Hunƙuyi, gonaki ne guda ake nomawa ana kaiwa kasuwa. Daga can na samo dashe huɗu, ɗaya a gindin kowane ginshiƙi. Rumfar tawa ba ta da wani ado: fayif zagaye, sai waya mai kauri da aka ja a sama kamar raga. Ƙarfen bai yi yawa ba tunda ganye ne rufin, shi ya sa ko rabin kuɗin da aka faɗa miki ban kashe ba.

Wahalarsa ruwa da aski. Da rani sai an ba shi ruwa a kai a kai, in kuna sayen ruwan 'yan garuwa ne to ki lissafa da wannan. Kuma sai an datse rassan yake 'ya'ya, ka ga bayan askin akwai makonnin da rumfar take zama tsirara. In ya nuna kuma tsuntsaye da jemagu sun riga ka sani. Amma zama a ƙarƙashin ganye da azahar, babu kwanon da zai ba ka wannan.

Injiniya, Gusau

Ba wanda ya yi maganar iska, kuma ita ce ta ci min kuɗi fiye da rumfar kanta. Wanda ya yi min aikin ya kafa ginshiƙan a kan daɓe ne kawai da 'yan ƙusoshin kankare, ya rufe gindin da siminti yadda ba a gani. Hadarin farko na damina, irin mai zuwa da jar ƙura daga gabas, ya ɗaga ta gaba ɗaya kamar faifai ya kifa a gidan maƙwabci. Allah ya tsare ba kowa a wurin, amma ta fasa masa farantan sola biyu da tankin ruwa. Na biya, na kuma sake rumfa.

Rumfa mai rufi a buɗe take ta kowane gefe, iska ta ƙasa take shiga ta tura sama. Don haka nauyin kankaren gindi shi ne ke riƙe ta, ba ƙarfin ginshiƙi kaɗai ba. Kwanon kuma a ɗaure shi da noti mai roba, ba a ɗana masa walda ba. Ta wannan fuskar mai sanduna a jere ta fi aminci, tunda iska wucewa take yi. In kuma za a jingina gefe ɗaya da bangon gida, a tabbata a jikin bim, wato kankaren da aka zuba da rodi, aka kama, ba a bulon da yake rami ne a ciki ba. Gangaren rufin kuma ya kalli cikin gidanku. Ruwan rumfa da ke sauka a katangar maƙwabci ya kai mutane da yawa gaban mai unguwa.

'Yar Haya, Abuja

Ga 'yan uwana masu zaman haya: ku yi magana da mai gida a rubuce kafin ku kafa komai. Na yi ta dubu 700 da kayan kasuwar Dei-Dei, da zan tashi aka ce abin da aka kafa a ƙasa ya zama na gida. Wadda nake da ita yanzu da noti aka haɗa ta, a kwance a ɗora a mota.

Maman Biyu, Kano

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam Mai Walda, in aka rufe rabi da kwano aka bar rabi da sanduna don inabin, kuɗin zai sauka ko hawa zai yi?

Mai Walda, Panteka

Zai ɗan sauka, Hajiya, in a ɓangaren inabin waya za a ja maimakon fayif. Kwanon a sa shi ta gefen da ranar yamma take bugowa, a ɗauki na alminiyom mai kaurin milimita 0.45 zuwa sama, don mai 0.35 ko yaro ya taka shi ya lotsa. In da hali a yi masa silin a ƙasa saboda zafi. Wayar fanka da ta ƙwan fitila a zura su cikin fayif tun kafin a rufe bakinsa da walda, in ba haka ba mai lantarki zai zo ya bi jikin fentinki da farar roba. Kuma ku bari a yi aikin kafin Ramadan ko bayan Sallah da mako biyu, don gab da Sallah kowa ƙofa da taga yake jira, aikinku a hannun yara zai ƙare.