Kwamfutata ba ta dawo da aikina bayan hibernate

Assalamu alaikum. Ubuntu 22.04 ke kan laftof ɗina, RAM 8GB. A nan Sakkwato wuta ba ta zama, suspend (barcin da aiki ke zama a RAM) kuwa yana cin batir a hankali, shi ya sa nake son hibernate (ta adana aiki a diski, ta mutu gaba ɗaya).

`systemctl suspend` yana aiki lafiya lau. Amma in na buga `systemctl hibernate`, sai ta mutu kamar ta adana komai. In na kunna sai ta tashi sabuwa fil, duk abin da na bari a buɗe ya tafi. Ya ishe ni.

Na kashe Secure Boot, na ƙara swap (wurin da hibernate ke adana aiki a diski) zuwa 10GB, na sa `resume=UUID` (don nuna inda swap yake) a GRUB (manhajar da ke tayar da Ubuntu), na yi `update-grub`. Shiru. Sai dai swap ɗin fayil ne, ba ɓangaren diski ba.

Don Allah, rashin `resume_offset` (lambar da ke nuna inda fayil ɗin swap ya fara a diski) ne ke jawo wannan?