Wata uku da tashi daga mura, har yau jikina bai dawo ba

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri, yau sai na amayar da abin da ke cikina. Tun tsakiyar hunturu na yi wata mura mai zafi, kwana tara ina kwance da zazzaɓi da tari. Murar ta tafi, ni ce ban dawo ba, yau wata uku ke nan. In ina tuƙa tuwo sai na zauna sau biyu kafin na kwashe, ƙirjina na dukan uku-uku. Hancina ba ya jin komai. Shekaranjiya miyar kuka ta kama ina tsaye a kanta, sai da maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce wani abu na ƙonewa. Ko turaren wuta na sa, hayaƙin kawai nake gani. Na je asibiti an ɗebi jini, an ce ba maleriya, jinina ma ya isa. A gida kuma uwar mijina cewa take son jiki ne, wai wa bai taɓa mura ba. Wallahi wannan maganar ta fi ciwon ci min rai. Ni a raina ina zargin korona na yi ban sani ba. Akwai wanda mura ta taɓa bari haka?

Baban Sadik: Allah ya ba ki lafiya Hajiya. Amma korona kuma? Har yanzu akwai mai kiran sunan nan? Abin da aka kulle mu a kansa a 2020, da azumi a bakinmu, ba kasuwa ba masallacin Juma'a, daga baya aka fasa rumbuna aka tarar da taliyar tallafi jibge. Don Allah kar a dawo mana da ita.

Abu Maryam: Malam, ka ji tsoron Allah. Satar tallafi daban, ciwo daban. Mu da muke Kano a watan Afrilun 2020 mun ga yadda dattawa suka riƙa tafiya. Ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, da bakinsa ya ce mutum 979 aka lissafa, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na da alaƙa da korona. Kawuna yana cikin waɗanda muka kai a makon nan.

Baban Sadik: Allah ya jiƙansa. To an gwada shi? Ko minista ne ya gwada shi daga Abuja?

Abu Maryam: Ba zan yi musu da kai a kan gawar kawuna ba.

Mai Kemis: Ku bar wahalar da baiwar Allah. Taifot ne wannan, kullum irinsu nake gani a shago. Ta yi gwajin Widal, ta samu allura ta kwana biyar, magana ta ƙare.

Anti Nas: Ƙanwata Maman Hanifa, ba son jiki ba ne, kuma ba ke kaɗai ba ce. Ciwon da ƙwayar bairos ke kawowa yakan tafi ya bar saura. Ko murar yau da kullum tana barin tari na mako uku har zuwa takwas, saboda hanyar numfashi ba ta gama hucewa ba. Ƙarambau da muka yi muna yara, ƙwayarsa kwanciya take a jijiya, bayan shekaru ta taso da ƙuraje masu raɗaɗi a gefe ɗaya na jiki. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka warke yana taɓa musu ji. Korona ma haka: a Oktoban 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da bayanin wannan yanayi, wato mutum ya kai kamar wata uku da kamuwa, alamomin sun ɗauki aƙalla wata biyu, kuma ba a sami wani dalili ba. Kasala, haki da mantuwa su ne kan gaba. Ɗaukewar jin ƙanshi kuma tun kafin korona mura na kawo ta. Ki koma asibiti a duba zuciya da ƙirji da suga, in tarin ya wuce mako biyu a gwada majina saboda tibi, kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Ki riƙa raba aiki gida-gida, kar ki ce sai kin gama a zama ɗaya. Shi kuma Widal shi kaɗai ba ya tabbatar da taifot, kuma allurar kashe bakteriya ba ta taɓa bairos.

Mai Kemis: Da ke ake, Anti. Shekarata goma sha bakwai a wannan sana'a. Ku in talaka ya zo layinku tun asuba sai la'asar zai ga likita, mu ne muke riƙe da unguwa. Kuma ke nas ce, ba likita ba.

Anti Nas: Ban ce ni likita ba ce, Malam, shi ya sa na ce ta koma wurin likita. Kai me ka ce ta yi?

Ummu Aiman: Ni duk ba wannan ba. Kullum mace ta kwanta sai a ce son jiki. Da ɗan uwar mijin ne ya kwana tara a kwance, da farfesun kaza za a bi shi da shi har wata uku.

Hajiya Babba: Ke yarinya, iya bakinki. Uwar miji uwa ce. Mu a zamaninmu da zazzaɓi muke daka, muke ɗebo ruwa. Sanyi ne ya kama ta, ta dafa citta da kanumfari da masoro, ta yi sirace, ta daina kawo maganar surukarta cikin jama'a.

Ummu Aiman: Hajiya, da girmanki, amma mata nawa ne a zamanin naku suka tafi ba a san abin da ya kashe su ba?

Baban Sadik: Ni dai har yanzu ba wanda ya nuna min takardar gwajin korona a nan.

Shugaban Zaure: To jama'a, ya isa haka, zan rufe. Abin da na fahimta: yawancinmu mun tafi a kan cewa ba korona ba ce, tunda ba gwaji. Hajiya Babba ta yi magana ta manya, sanyin hunturu ba abin wasa ba ne, kuma sirrin gida a bar shi a gida. Mai Kemis ma ya kawo shawara daga gogewarsa. Anti Nas ta yi dogon bayani, mun gode, mai son ƙari ya bi ta ta gefe. Maman Hanifa, ki ba surukarki haƙuri, Allah ya ƙara sauƙi.

Maman Hanifa: Amin. Anti Nas, na turo miki saƙo. Wane ɓangare zan nema in na je ranar Litinin?